KALLON TSUNTSAYE: MADUBIN HANGEN NESA DA ILMIN ƘIDAYA

Gabatarwa

Da za a gaya wa wani dattijo a ƙauye cewa akwai mutanen da kan bar gidajensu tun da asuba, su ratsa raɓa da ƙaya, su wuni a bakin fadama don kawai su dubi tsuntsu su rubuta sunansa, ba harbi ba tarko, da wuya bai ce waɗannan mutane sun rasa aikin yi ba. Alhali kuwa shi kansa dattijon mai kallon tsuntsaye ne. Shi ne zai fara gaya maka cewa shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gari, saboda haka a gaggauta sharar gona, damina ta kusa. Ya san lokacin da janbaki ke faɗa wa gero da dawa, ya san kukan zakaran ƙeƙuwa ko da tsakar dare ne, ya kuma san cewa balbela ba ta rabuwa da garken shanu.

Abubuwa biyu ne suka raba shi da masanin ilmin tsuntsaye. Na farko shi ne madubin hangen nesa, wanda ke jawo tsuntsu kusa ba tare da an kore shi ba. Na biyu, wanda ya fi na farkon muhimmanci, shi ne rubutu da ƙidaya. A wannan darasi za mu duba yadda madubin yake aiki, da ma'anar lambobin da ke jikinsa, sa'an nan mu ga yadda ƙidayar da mutane masu sha'awa kawai suka yi ta zama hujjar kimiyya, har ta taɓa rayuwarmu a nan ƙasar Hausa.

Daga bindiga zuwa madubi

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, mai son sanin tsuntsu a Turai da Amurka bindiga yake ɗauka. Sai ya harbo shi, ya feɗe, ya cusa auduga a fatar, ya adana a akwati. Da irin wannan hanya aka tara mafi yawan samfuran da ke gidajen tarihi a yau. A shekarar 1889 wata Ba'amurkiya mai suna Florence Merriam ta wallafa wani ɗan littafi da ke koya wa mutane gane tsuntsaye suna raye, ta amfani da ƙaramin madubin da ake kallon wasan kwaikwayo da shi. A 1901 kuma Edmund Selous ya fitar da nasa littafin a Ingila, yana kira da a ajiye bindiga a zauna a yi kallo. A daidai wannan lokaci ne madubi mai inganci ya fara shiga kasuwa, domin kamfanin Carl Zeiss na Jamus ya soma sayar da irin wanda muke gani yanzu a 1894. Sai kuma littafin Roger Tory Peterson na 1934, wanda ya zana tsuntsaye yana nuna alamar da za a gane kowane da ita daga nesa. Da madubi da littafi suka haɗu a hannu ɗaya, sai kallon tsuntsaye ya zama sha'awar miliyoyin mutane.

Yadda madubin yake aiki

Tushen wannan ilmi ya daɗe. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra a wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ke nan duk abin da madubin hangen nesa zai yi bai wuce ya tattara hasken da ke tasowa daga jikin tsuntsu, ya sarrafa shi, ya miƙa wa ido ba.

Idan haske ya fita daga iska ya shiga gilashi a karkace, sai ya tanƙwara. Gilashin da aka yi wa tudu a tsakiya, irin wanda masu gyaran agogo ke amfani da shi, yakan tanƙwara dukkan hasken da ya zo daga nesa ya tara shi wuri guda. Tazarar da ke tsakanin gilashin da wannan matattara ita ce za mu kira tsawon matattara. A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar wata na'ura mai gilashi biyu a bututu. Galileo ya ƙera tasa a 1609. A 1611 Johannes Kepler ya bayyana tsarin da madubin yau ya gada, wato gilashi mai tudu a gaba, wani mai tudu a wajen ido. Na gaba, wanda shi ne babba, yana kafa ɗan ƙaramin hoton tsuntsun a cikin bututu. Na wajen ido kuma yana faɗaɗa wannan hoto. Ƙarfin faɗaɗawa shi ne tsawon matattarar gilashin gaba a raba da tsawon matattarar gilashin ido.

Sai dai tsarin Kepler yana da aibi biyu. Hoton yakan fito a kife, kai ƙasa ƙafa sama, dama ta koma hagu. Mai duban taurari bai damu da wannan ba, amma mai bin tsattsewa a sararin sama ba zai iya ba. Aibi na biyu shi ne tsawon bututu. Maganin duka biyun ya zo ne daga wani Ba'italiye, Ignazio Porro, a 1854. Ya sanya dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, wanda ake kira firizim, guda biyu a cikin bututun.

A nan akwai wani abin mamaki da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya fahimta. Firizim ba a shafa masa azurfa kamar madubin duba fuska, amma yana mayar da haske fiye da madubin. Dalili shi ne, idan haske yana cikin gilashi yana neman fita zuwa iska, kuma ya doki bangon gilashin a karkacen da ya wuce digiri 42 ko kusa da haka, ba ya iya fita ko kaɗan, sai ya dawo ciki gaba ɗaya. A cikin firizim ɗin Porro hasken yana dukan bango a digiri 45 ne, saboda haka dole ya dawo. Kana iya ganin irin wannan da kanka. Cika kofin gilashi da ruwa, ka ɗaga shi sama da idonka, ka dubi saman ruwan ta ƙasa a karkace. Za ka ga yana ƙyalli kamar madubi. To, a kowane bututu hasken yana yin irin wannan dawowa sau huɗu, biyu a firizim na farko, biyu a na biyu. Ɗaya firizim ɗin yana gyara sama da ƙasa, ɗayan yana gyara dama da hagu. Bugu da ƙari, tun da hasken yana kai da komo a ciki, an naɗe doguwar tafiyarsa a gajeren bututu ke nan. Wannan ne ya sa irin wannan madubi yake da kafaɗa, gilasan gaba sun fi na ido nisa da juna. Akwai wani tsarin firizim na daban da ke ba da miƙaƙƙen bututu, ya fi ƙanƙanta da daɗin riƙo, amma yin sa da kyau ya fi tsada. Saboda haka wanda kuɗinsa kaɗan ne, sau da yawa mai kafaɗar zai fi ba shi hoto mai kyau.

Lambobin da ke jikin madubi

Kowane madubi yana ɗauke da lambobi biyu, alal misali 8×42 ko 10×25. Masu saye da yawa lambar farko kaɗai suke dubawa, su zaɓi mafi girma, kuma a nan ne ake cutarsu.

Lambar farko ita ce ƙarfin faɗaɗawa. Da madubi mai 8, zalɓen da ke nisan mita 80 zai bayyana kamar yana nisan mita 10. Amma madubin ba tsuntsu kaɗai yake faɗaɗawa ba, har da rawar hannunka. Da zarar ƙarfi ya wuce 10 ko 12, hoton zai riƙa rawa har ka kasa ganin launin baki ko na ƙafa. Haka kuma filin da ake gani yana tsukewa yayin da ƙarfi ke ƙaruwa. Akan rubuta faɗin filin a jikin madubi, ko dai da digiri ko da mita. Digiri ɗaya daidai yake da mita 17.5 a nisan mita 1,000, saboda haka madubi mai digiri 7.5 yana nuna faɗin mita 131. Ƙaramin tsuntsun da ke tsalle a cikin sarƙaƙiya ba ya jiran kowa, kuma mai faffaɗan fili ne zai riga kama shi.

Lamba ta biyu ita ce faɗin gilashin gaba da milimita. Ita ce ƙofar haske, kuma yawan hasken da ke shiga yana bin girman fili ne, ba faɗi kawai ba. Gilashi mai milimita 50 ya ninka mai 25 sau biyu a faɗi, amma hasken da yake tarawa ya ninka sau huɗu.

Yanzu sai lissafin da ya fi kowane amfani. Raba lamba ta biyu da ta farko. A madubi 8×42 za ka sami 5.25, a 10×25 ka sami 2.5, a 7×50 kuma ka sami 7.1. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta gilashin ido, da milimita. Idan ka riƙe madubin nesa da fuskarka ka fuskanci farin bango, za ka ga ɗigon da idonka. Me ya sa wannan lamba take da muhimmanci? Domin ita ma ƙofar da ke tsakiyar baƙin idonka tana buɗewa da tsukewa. Da rana tsaka takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, a cikin duhu kuma ta buɗe har wajen 7 ga matashi, ga dattijo kuwa da wuya ta wuce 5. Da rana tsaka, ƙaramin madubi 10×25 zai wadatar, domin ɗigonsa ya cika ƙofar ido. Amma da asuba ko dab da magariba, lokacin da tsuntsaye suka fi motsi, ƙofar idonka ta buɗe, ɗigon 2.5 ya yi mata kaɗan, hoton sai ya dushe. Wannan ne dalilin da ya sa 8×42 ya zama zaɓin mafi yawan masu kallon tsuntsaye. Ka gwada wannan lissafi a kan madubin da ake tallarsa da lamba irin 20×25, za ka ga ɗigonsa milimita 1.25 ne kacal, wato kamar leƙe ta ramin allura.

Saura abu guda da lambobin ba sa faɗa. Duk inda haske ya ratsa fuskar gilashi tsura, kimanin kashi 4 cikin 100 nasa yakan koma baya ya ɓace. Idan akwai irin waɗannan fuskoki goma a bututu, lissafi zai nuna cewa kashi 66 cikin 100 ne kawai zai kai ga ido. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya samo dabarar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan hasara. Shi ne launin shuɗi-shuɗi ko kore-kore da ake gani a fuskar gilashi mai kyau. Gilashin da aka shafa wa ja mai ƙyalli kuwa, kamar yadda ake gani a wasu masu araha, ado ne kawai, yana ma ɓata launin tsuntsu.

Daidaitawa da kulawa

Idanun mutum biyu da wuya su zo daidai a ƙarfi, shi ya sa ake sanya wani zobe na musamman, galibi a gilashin idon dama. Ka fara lanƙwasa madubin har da'irori biyun su haɗe su zama ɗaya. Sa'an nan ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka murɗa ƙafar tsakiya har wani rubutu da ke nesa ya fito sarai a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka murɗa zoben dama kaɗai har rubutun ya fito. Daga nan ƙafar tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Idan bayan wannan kana ganin abu biyu-biyu, ko kanka ya soma ciwo, to firizim ya goce, madubin yana bukatar gyara.

Sabon shiga yakan ga tsuntsu, ya sunkuyar da kai ya ɗauko madubi, ya ɗago ya tarar bai san inda zai duba ba. Ka kafa idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin zuwa idon ba tare da ka kau da kai ba.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar gilashi a ƙasarmu, domin akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Wanda ya goge gilashi da bakin riga ya karce shi ke nan. A fara hure ƙurar, a share da lallausan buroshi, kafin a goge da tsumma mai laushi. Da damina kuma kada a kulle madubi da laima a cikin jakarsa, domin fumfuna kan tsiro a cikin gilashin. Gargaɗi mafi girma shi ne kada a taɓa duban rana da shi, ko da na ƙiftawar ido ne, domin yana iya ƙona bayan ido ya jawo makanta. Malamai su nanata wa ɗalibai wannan kafin su miƙa musu madubi.

A bakin babban tafki, inda agwagi ke nisan rabin kilomita, masu ƙidaya kan yi amfani da babban madubi mai ido ɗaya da ke faɗaɗawa sau 20 zuwa 60, a ɗora shi a kan ƙafafu uku. Wannan kayan ƙungiya ne, ɗalibi ba ya bukatarsa tukuna.

Littafin aljihu

Makarantar da ba ta da madubi ko ɗaya tana iya farawa. Hasbiya da kurciya da hankaka da shirwa da cilakowa duk ana gane su da ido tsura, kuma da yawa daga ƙwararru da kunne suke gane rabin tsuntsayen da suke rubutawa. Abin da ba a iya yi sai da shi shi ne littafi da fensir. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da wuri, da yanayin sama. Idan an ga tsuntsun da ba a sani ba, a kwatanta girmansa da wanda aka sani, ya kai kurciya ko bai kai ba. A dubi siffar baki, gajere mai kauri na cin tsaba ne, ko siriri na kama ƙwari, ko mai lanƙwasa na yagar nama. A dubi tsawon ƙafa da wutsiya, da abin da yake yi, sa'an nan launi, domin launi ne ya fi yaudara idan haske ya sauya. A zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, kuma a yi haka kafin a buɗe littafin hotuna, don kada hoton ya sa mutum ya tuna abin da bai gani ba.

Wajen kusantar tsuntsu kuwa, maharbanmu sun riga kowa. Wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya a hankali yana kwaikwayon kiwonsa, ya ga darasin gaba ɗaya, wato tufa mara haske, motsi kaɗan, da haƙuri. Ba a taɓa sheƙa, ba a ɗaukar ƙwai, ba a tayar da garke don a ga tashinsa.

Tarukan masu kallo

Sha'awar nan ta jama'a ce, kuma tarukanta iri-iri ne. Akwai na baje koli, kamar wanda aka fara a bakin tafkin Rutland na Ingila a 1989, inda masu ƙera madubi da masu littattafai da masu bincike suka riƙa haɗuwa kowace shekara, a tara kuɗi don kare tsuntsaye. Amma tarukan da suka fi amfani ga kimiyya su ne na ƙidaya.

A Amurka ta ƙarni na 19 akwai al'adar fita ranar Kirsimeti a kasu gida biyu, a yi gasar wanda zai fi kashe tsuntsaye da ƙananan dabbobi. A shekarar 1900 Frank Chapman ya ba da shawarar a ƙidaya su maimakon a kashe. Mutum 27 ne suka amsa kiran, a wurare 25, suka rubuta nau'i kusan 90. Ƙidayar ba ta tsaya ba tun daga wannan shekara, yanzu dubun-dubatar mutane ke yin ta. A 1967 kuma aka fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi a watan Janairu. An zaɓi wannan wata ne domin a lokacin tsuntsaye masu ƙaura sun zauna a wuraren da za su ci rani, ba za a ƙidaya garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba.

Ga misalin da zai nuna darajar irin wannan aiki. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da masana ke kira Curruca communis, nauyinsa kimanin gram 15 ne. Yana yin sheƙa a Turai, sa'an nan ya ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara ya zo ya ci rani a dazuzzukan ƙaya na yankin Sahel, har da arewacin Nijeriya da Nijar. Daga 1962 masu sha'awa a Ingila suka riƙa ƙidaya tsuntsayen gonaki kowace shekara, a wurare guda, da hanya guda. A 1969 sai lissafinsu ya nuna cewa fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsu ba su dawo ba. Aka bincika a gida ba a ga dalili ba. A 1974 wasu masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi. Tsuntsun yana bukatar ya tara kitse da ƙwari da 'ya'yan itace kafin ya ƙetare hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500, kuma a wannan shekara bai samu ba. Fari ne wanda daga baya ya tsananta har ya jawo yunwa da mutuwar dabbobi a 1973, abin da dattawanmu ba su manta ba. Wato littattafan aljihun malaman makaranta da manoma a Ingila sun ɗauki alamar farin tun yana farawa.

A gida

Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, daga cikin kimanin 11,000 da ke duniya. Nazarinsu a arewa ba sabon abu ba ne. A shekarun 1960 Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi bincike a kan tsuntsayen da ke cin ƙudan zuma, ya kuma shiga aikin auna nauyin masu ƙaura a bakin tafkin Chadi. A 1998 aka bayyana wa duniya wani sabon nau'in ɗan jan tsuntsu da ke zaune a duwatsun Jos, Lagonosticta sanguinodorsalis. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum da ke Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma ita ce ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015. A wannan aiki an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsawo da faɗi, mai sa kai ya shafe aƙalla sa'a biyu a gida ɗaya yana rubuta duk nau'in da ya gani a wayarsa ta hannu. Ɗalibin sakandare da ya iya gane tsuntsayen garinsu yana iya shiga.

Wurin da ya fi cancantar ziyara shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, musamman Baturiya da Dagona. Da sanyin hunturu, ban da ɗinya da kirinjijiya na gida, akan tarar da dubban agwagin Turai da tsuntsayen bakin ruwa da suka taso tun daga Rasha. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. Amma ruwan da ke malala a dausayin ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya da tsuntsaye duk ruwa ɗaya suke sha, saboda haka lissafin agwagi na kowace Janairu ma'auni ne na lafiyar wurin baki ɗaya.

Inda ba a yi ƙidaya ba kuwa, sai hasara ta auku ba a ankara ba. Kowa ya san ungulu ta cika mahautu da kasuwanninmu a da, har ba wanda ya ga dalilin ƙidaya ta. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidaya tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen daji. A 2015 aka sanya ungulun gari, wadda muka fi sani, cikin nau'o'in da ke dab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don magani suna cikin manyan dalilai. Haka gauraka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa ne a Nijeriya, ya yi wuyar gani ƙwarai a fadamun da ya saba kiwo. Ɗalibai su tambayi mahautan garinsu yaushe rabonsu da ganin ungulu, su rubuta amsar da kwanan wata.

Aiki a aji

Malamin kimiyya yana iya haɗa madubin Kepler da gilasai biyu masu tudu daga ɗakin gwaje-gwaje. A fara auna tsawon matattarar kowane, ta hanyar kafa hoton taga a kan farar takarda a auna tazarar. Idan na gaba yana da santimita 30, na ido kuma 5, a jera su da tazarar santimita 35 a cikin naɗaɗɗen kwali. Ɗalibai su lissafa ƙarfin faɗaɗawa kafin su leƙa, sa'an nan su bayyana dalilin da ya sa bishiyar ta fito a kife.

Ƙidayar garke kuma fasaha ce da ake koyo. Ba a bin agwagi dubu ɗaya bayan ɗaya. Akan ƙidaya goma a gefe guda, a riƙe girman wannan rukuni a ido, sa'an nan a auna sauran garken da shi, goma-goma, ko hamsin-hamsin idan garken babba ne. A watsa wake a kan faifai, a ba ɗalibai daƙiƙa goma su kimanta yawansa, kowa ya rubuta nasa ba tare da ya faɗa ba. Sai a ƙidaya waken ɗaya-ɗaya, a kwatanta da lissafin kowa da kuma matsakaicin na ajin. Yawanci za a ga cewa idan waken ya yi yawa, mutane kan faɗi ƙasa da gaskiyar adadin. A maimaita sau biyar da yawa daban-daban, kowane ɗalibi ya gano ko shi mai ragewa ne ko mai ƙarawa, da kuma kashi nawa cikin 100. Bayan haka sai a zaɓi bishiya ɗaya da balbelu ke kwana a kanta, a riƙa ƙidaya masu shigowa daga ƙarfe biyar da rabi na yamma zuwa faɗuwar rana, ranar Asabar ta farkon kowane wata, daga wuri guda, a kuma ajiye littafin a ofishin makaranta don ajin da zai biyo baya ya ci gaba da shi.